De Hef: Gadar da Jirgi Ya Daina Hawa, Mutanen Gari Suka Hana a Rushe

A birnin Rotterdam na ƙasar Holan akwai wata gadar ƙarfe da rabon jirgin ƙasa ya bi ta kanta tun watan Satumba na 1993. An tsige layin dogon da ke kaiwa gare ta, ta arewa da ta kudu. Tsakiyarta na rataye can sama tsakanin hasumiyoyi biyu, ba mota, ba keke, ba mai tafiya da ƙafa. Duk da haka hukumar birnin ta zuba kuɗi ta gyara ta tsakanin 2014 da 2017. A 2022 kuma, da aka ji ƙishin-ƙishin za a sauke tsakiyar tata na ɗan lokaci domin jirgin ruwan wani attajiri ya wuce, gari ya ɗauki zafi har labarin ya zaga duniya. Sunanta a takarda Koningshavenbrug, mutanen gari kuwa De Hef suke ce mata. Tarihinta ya isa a yi nazari a kai, domin yana tilasta wa mutum ya tambayi kansa: idan gada ta daina tsallakar da kowa, me ake gyarawa in an ce ana gyara ta, kuma wa ke da ikon cewa a taɓa ta ko a bar ta?

Ruwan da gadar ta ratsa haƙa shi aka yi. A shekarun 1870 Rotterdam na cikin haɓaka irin wadda ba ta taɓa gani ba. An buɗe sabuwar hanyar ruwa zuwa teku, Nieuwe Waterweg, a 1872, manyan jiragen ruwa suka sami damar shigowa har cikin gari, aka kuma fara tona tasoshi a gaɓar kudu ta kogin Nieuwe Maas. A cikin wannan aiki aka tsaga mashigin Koningshaven, wanda ya yanke wani yanki na unguwar Feijenoord ya mayar da shi tsibiri, shi ne Noordereiland na yau. A daidai lokacin ne kuma ake shimfiɗa layin dogo daga Rotterdam zuwa Dordrecht da kudancin ƙasar. Dole layin ya tsallake ruwa biyu: babban kogin, sannan sabon mashigin. A kan kogin aka gina doguwar gada tsayayya. A kan mashigin kuwa ba a isa a yi haka ba, domin ta nan aka ware wa jiragen ruwa masu tsawo su riƙa bi.

Nan ne asalin matsalar da duk wata gada mai motsi take ƙoƙarin warwarewa. Hanya biyu sun gicciye, ta tudu da ta ruwa, kuma kowace na da masu ita. In an yi gadar ƙasa-ƙasa an tare wa jirgin ruwa hanya. In an ɗaga ta sama sosai, jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, sai an faro gangaren tun daga nesa, a rushe unguwanni kafin a kai bakin ruwa. Abin da ya rage shi ne a yi sulhu: gadar ta buɗe wani lokaci, ta rufe wani lokaci, wannan ya jira wancan. Gada mai ɗagawa yarjejeniya ce da aka ƙera da ƙarfe, kuma duk rigimar da aka yi a kan De Hef cikin shekara kusan ɗari ta koma kan tambaya guda, wato wa zai jira wa.

Sulhun farko da aka yi a ƙarshen shekarun 1870 shi ne gada mai juyawa. Tana zaune a kan wani ginshiƙi a tsakiyar ruwa, in jirgi ya zo sai ta juya ta miƙe da tsawon mashigin, ta bar kafa biyu, dama da hagu. Aibinta a fili yake. Ginshiƙin ya ci tsakiyar hanya, inda ruwa ya fi zurfi, jirage kuma kullum ƙara faɗi suke yi. An sha yin karo da ita. A 1918 wani jirgin Jamus mai suna Kandelfels ya daki gadar ya yi mata mummunar ɓarna, daga nan hukumomi suka haƙiƙance cewa zamaninta ya wuce.

Injiniyan da aka ɗora wa aikin, Pieter Joosting na hukumar jiragen ƙasa, ya zaɓi wata dabara da Amurkawa suka riga suka gwada. Wani injiniya J.A.L. Waddell ne ya fito da ita a siffarta ta zamani. Ya fara zana irinta domin mashigin Duluth a farkon shekarun 1890, hukumomin soja masu kula da hanyoyin ruwa suka ƙi amincewa, sai ya gina ta a titin South Halsted na birnin Shikago, aka buɗe a 1894. Dabarar ita ce a kafa hasumiya a kowace gaɓa, a rataye tsakiyar gadar da igiyoyin ƙarfe waɗanda suka bi ta kan manyan wili a ƙololuwar hasumiyoyin, a ɗaya bakin igiyoyin kuma a rataye dunƙulen kankare masu nauyi kusan daidai da na gadar. Duk wanda ya ga mai lambu yana ban ruwa da jigo a fadama ya san sirrin abin: dunƙulen laka da ke bayan sandar ne ke ɗaukar nauyin guga, hannun mutum jagora kawai yake yi. Haka injin lantarkin gadar yake. Ba shi ke ɗaga ɗaruruwan tan na ƙarfe ba, aikinsa ya rinjayi gogayyar wili da igiya, da iska, da ɗan bambancin nauyin da aka bari da gangan domin gadar ta zauna daram idan ta sauka. Gada na hawa, kankare na sauka.

An buɗe De Hef ranar 31 ga Oktoba, 1927, kuma ana lissafa ta a matsayin ta farko irinta a Yammacin Turai. Hasumiyoyin sun kai kimanin mita 60, tsakiyar kuma in ta hau tana barin sarari sama da mita 40 tsakaninta da ruwa. An kawar da ginshiƙin tsakiya, mashigin ya buɗe baki ɗaya. Akwai wani abu da ya kamata mai son tarihin gyara ya lura da shi tun daga nan: ba a zubar da tsohuwar gadar duka ba. Sassan nan biyu na gefe, waɗanda ba sa motsi, an bar su aka ɗora sabon aiki a tsakaninsu. Ke nan tun ranar da aka buɗe ta, De Hef gyararriyar gada ce, ƙarfen ƙarni na sha tara a gefe, na ƙarni na ashirin a tsakiya. Wanda duk ya ce a mayar da ita yadda take tun asali, sai a tambaye shi wane asalin yake nufi.

Ba a yi shekara da buɗe ta ba ta shiga tarihin fim. Wani matashi, Joris Ivens, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin mashahuran masu shirya fim ɗin gaskiya a duniya, ya riƙa hawa hasumiyoyin da ƙaramar kyamararsa ta hannu yana ɗaukar wili na juyawa, igiya na zamewa, hayaƙin jirgin ƙasa na ratsa ƙarafa, jirgin ruwa na wucewa ta ƙasa. Fim ɗin, De Brug, ya fito a 1928. Gajere ne, ba murya, ba jarumi, gadar ce kaɗai ke wasa. A ganina wannan fim ya yi wa gadar aikin da ba wanda ya hango a lokacin. Ya koya wa mutane su dubi kayan aiki su ga kyau a jikinsa, tun zamanin da ake ɗaukar irin wannan gini a matsayin tarin ƙarfe mai ƙara da baƙin hayaƙi. A watan Janairu na 1933 kuma wani saurayi mai suna Lou Vlasblom ya hau ƙololuwar hasumiya ya yi alkafura cikin ruwa ya fito da rai, ya zama abin labari a gari. Mako biyu bayan haka wani ya kwaikwaye shi ya rasa ransa. Da irin waɗannan labarai, masu daɗi da marasa daɗi, gadar ta fita daga hannun hukumar jirgin ƙasa ta shiga bakin jama'a.

Sai yaƙi ya zo. Ranar 10 ga Mayu, 1940, sojojin Jamus suka afka wa Holan, wasu daga cikinsu suka sauka da jiragen sama masu sauka a ruwa a kan kogin Nieuwe Maas, suka kama Noordereiland da bakin gadoji. Kwana huɗu ana musayar wuta a wannan ɗan tsakani, sojojin ruwan Holan suka hana su tsallakawa cikin gari. Ranar 14 ga wata jiragen saman Jamus suka yi wa tsakiyar birnin ruwan bama-bamai. Sama da mutum 800 suka mutu, kimanin 80,000 suka rasa matsuguni, tsohon garin ya ƙone ƙurmus. Washegari ƙasar ta miƙa wuya. De Hef ta ji rauni, amma tana cikin abubuwan da aka fara gyarawa, saboda ba a iya tafiyar da ƙasar ba tare da wannan layin dogo ba.

Ba za a fahimci zafin da mutanen Rotterdam suke ɗauka a kan gadar nan ba sai an riƙe wannan a zuciya. Garuruwa irin su Amsterdam da Delft da Leiden suna da tituna cike da gidaje masu shekara ɗari uku da ɗari huɗu. Tsakiyar Rotterdam ba ta da su. Abin da ya tsira a tsakiyar gari ana iya ƙirga shi da yatsu: ginin majalisar birni, tsohon gidan waya, dogon benen nan Witte Huis na 1898, da cocin Laurenskerk wanda sai da aka sake gina mafi yawansa. Bayan yaƙi shugabannin birnin suka zaɓi su gina sabon gari maimakon su kwaikwayi tsohon, suka kwashe ɓaraguzai suka shata sababbin tituna. Wanda aka haifa kafin 1940 ya wayi gari ba ya gane unguwarsu. A irin wannan gari, duk abin da kakanka ya gani da idonsa kuma kai ma kake ganinsa yana da daraja ta daban. Ga shi kuma De Hef ba fadar sarki ba ce, ba gidan attajiri ba. Ƙofa ce ta shiga Rotterdam ta Kudu, gefen 'yan ƙwadagon tashar ruwa, inda mutanen Brabant da Zeeland suka fara sauka neman aiki, daga baya 'yan Turkiyya da Maroko da Suriname da Kef Bad suka biyo baya. Birnin da ya riƙe kambun tashar jiragen ruwa mafi girma a duniya daga 1962 zuwa 2004 da guminsa yake alfahari, kuma wannan gada kamanninsa ce.

Sai dai ƙauna ba ta hana gadar zama ƙarfen ƙafa ga masu tafiyar da jirgin ƙasa ba. Layi biyu kacal ke kanta, a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a ƙasar. Duk lokacin da aka ɗaga ta, jirage su yi cirko-cirko a gefe biyu, jinkirin ya bi layi ya shafi wasu garuruwa. A 1978 wani sabon jirgin ruwa, Nedlloyd Bahrain, wanda aka fito da shi daga ma'aikatar ƙera jirage da ke sama da kogin, ya daki gadar, zirga-zirgar jirgin ƙasa ta tsaya cak na kwanaki da dama. Wannan ya ƙara wa masu neman a bi ta ƙarƙashin ruwa ƙarfin hujja. Aka haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa mai suna Willemsspoortunnel, tsawonta kusan kilomita 3, mai ɗaukar layi huɗu, aka fara amfani da ita a Satumban 1993. Sulhun da aka yi shekara fiye da ɗari ana yi ya ƙare, domin yanzu ba wanda zai jira wani.

Tsarin da aka yi shi ne a kwashe tsohon layin duka. An kuwa kwashe: doguwar gadar kan kogin ta tafi, layin saman da ya ratsa tsakiyar gari ya tafi. Da aka zo kan De Hef sai mutane suka ce a'a. Marubuta da masu zane da mazauna unguwa da masu kishin tarihi suka yi ta ƙorafi, kuma tun a 1985 an riga an wallafa littafi sukutum a kan tarihin gadar, na Arij de Boode da Pieter van Oudheusden. Hukuma ta ja da baya. A 2000 aka sa gadar cikin jerin kayan tarihi na ƙasa waɗanda doka ta kare. Aka ɗage tsakiyarta aka bar ta a sama, domin jiragen ruwa su riƙa wucewa ba tare da an kira kowa ba.

Ceto gada daga masu rushewa aiki ne na 'yan shekaru, kuma da surutu da takardun koke ake yin sa. Ceto ta daga tsatsa ba ya ƙarewa. Ƙarfe a bakin ruwa, a ƙasar da ruwan sama da iskar teku ba sa yankewa, kullum cikin lalacewa yake, fenti ne kawai ke tsakaninsa da halaka. Gadojin wancan zamani kuma ba da walda aka haɗa su ba. Faranti ake ɗorawa kan faranti, a huda, a zura ƙusa mai kauri da aka gasa ta yi ja, a daddake bakinta, in ta huce ta matse su gam. Gada guda na iya ɗauke da dubban irin waɗannan ƙusoshi, kuma kowace mahaɗa wuri ne da ruwa ke maƙalewa. Tsatsa in ta shiga tsakanin faranti biyu kumbura take yi, ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci, ta banƙare farantin, wani lokaci har ta tsinke kan ƙusa. Daga waje mutum zai ga fenti lafiya lau, ciki kuwa ya rube. Tsohon fenti ma nasa tashin hankalin daban ne, domin mafi yawansa akwai gubar dalma a ciki. Ba a kankare shi a bar ƙurar ta faɗa ruwa ko ta shiga huhun ma'aikata, sai an lulluɓe wurin an tattara dattin. Kaso mai yawa na kuɗin irin wannan aiki a nan yake tafiya, wajen kafa matakala da rufi da kare lafiya, tun kafin a shafa fenti ko sau ɗaya.

Lokacin da gada ke aiki, akwai masu kula da ita kullum. Mai tuƙa ta na jin in ƙarar inji ta sauya, masu shafa man giris na ganin in igiya ta fara zarewa, hukuma kuma na da dalilin ware kuɗi duk shekara. Ranar da ta daina aiki, duk waɗannan idanu sun tafi. Wannan ne haɗarin da De Hef ta shiga bayan 1993, kuma shi ya sa shekara ashirin bayan haka gyaran ya zama babba. A watan Nuwamba na 2014 manyan injinan ɗaga kaya masu iyo a ruwa suka sauke tsakiyar gadar, aka kai ta wata tashar ruwa a yammacin birnin, aka bar hasumiyoyin tsaye su kaɗai ana aiki a jikinsu. Fiye da shekara biyu mutanen gari suna kallon giɓi a sararin samaniyarsu. Ranar 7 ga Fabrairu, 2017, aka dawo da ita aka rataye, cikin sabon koren fenti, jama'a suka fito bakin ruwa suna kallo.

Wasu garuruwan sun bi wasu hanyoyi, kuma kwatanta su na da amfani. A Duluth, inda aka ƙi zanen Waddell, an gina gada mai jigilar mutane a cikin keji mai rataye a 1905, sannan tsakanin 1929 da 1930 aka mayar da ita mai ɗagawa. Har yau motoci na bi ta kanta, tana kuma buɗe wa jiragen dakon tama. A Paris, ƙaramar gadar titin Crimée da ke kan mashigin Ourcq tun 1885 tana hawa tana sauka. A Normandi ta Faransa kuwa, gadar Pegasus da ke kan mashigin Caen, wadda sojojin Birtaniya ƙarƙashin Manjo John Howard suka ƙwace a daren 6 ga Yuni, 1944, an cire ta a 1994 aka sa sabuwa mai kama da ita, tsohuwar kuma tana kwance a filin gidan tarihin da aka buɗe a 2000. Waccan ta Normandi an ceci ƙarfenta an raba ta da ruwanta. Ta Rotterdam an bar ta a kan ruwanta an raba ta da aikinta. A cikin waɗannan gadoji, ba na shakkar cewa ta Duluth ce ta fi samun kwanciyar hankali. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda masu gyaran gine-ginen tarihi suke komawa gare ta, ta faɗi haka a fili: ginin da ake amfani da shi wajen wani abu mai amfanar jama'a ya fi sauƙin kiyayewa.

Rashin aikin nan ne ya fito fili a 2022. A garin Alblasserdam, sama da Rotterdam a kan ruwa, kamfanin Oceanco na ƙera wani jirgin alfarma mai tafiya da iska, tsawonsa mita 127, da dogayen turaku uku waɗanda suka fi ƙarfin sararin da ke ƙarƙashin De Hef. An ruwaito cewa na Jeff Bezos ne, wanda ya kafa Amazon. A farkon Fabrairu labari ya fito cewa hukumar birnin ta yarda a sauke tsakiyar gadar na ɗan lokaci, kamfanin ya biya kuɗin, jirgi ya wuce, a mayar. Hujjar jami'an ita ce aikin ƙera jirage na ciyar da mutane da yawa a yankin. Ƙungiyar masu kishin tarihin birnin, Roterodamum, ta ce an yi alkawari bayan gyaran 2017 cewa ba za a sake kwance gadar ba. Dubban mutane suka sa hannu a wani shafi na Facebook cewa za su fito su jefi jirgin da ruɓaɓɓen ƙwai ranar da zai wuce. Magajin garin na lokacin, Ahmed Aboutaleb, ya fito ya ce ba a yanke hukunci ba, ba a ma shigar da takardar neman izini ba tukuna. Zuwa tsakiyar shekara kamfanin ya janye. A farkon Agusta, cikin dare, aka ja jirgin ba tare da turakunsa ba ta wata hanyar ruwa zuwa wata ma'aikata a Rotterdam, a can aka ƙarasa shi. Shi ne jirgin da aka raɗa wa suna Koru, aka miƙa wa mai shi a 2023.

Adalci ya sa a faɗi cewa hujjar jami'an ba ta banza ba ce. An gina gadar nan ne domin jiragen ruwa su wuce. Ma'aikatun Alblasserdam da Kinderdijk da Krimpen aan den IJssel sun daɗe suna turo jirage ta wannan hanya, kuma masu walda da kafintoci da masu haɗa wayar lantarki da ke aiki a cikinsu su ne jikokin mutanen da gadar ke wakilta. Ta fuskar injiniya ma, an riga an sauke tsakiyar sau ɗaya an mayar lafiya. Wanda ya ce sam ba za ta saukku ba, bai faɗi gaskiya ba.

Duk da haka ina ganin mutanen gari ne ke da gaskiya, kuma dalilina ba ƙyashin dukiyar wani ba ne. Na farko, kowace saukewa na da haɗari. Ana kwance igiya, ana tallafe dunƙulen kankare, ana lilo da ƙarfe mai shekara kusan ɗari a kan ruwa, kuma idan aka yi kuskure babu shagon da za a je a sayo wata. Ana ɗaukar irin wannan kasada domin lafiyar gadar kanta, kamar yadda aka yi a 2014. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, shi ne yadda aka ɗauko maganar. Jama'a ne suka ceci gadar lokacin da hukuma ke shirin rushe ta, da harajinsu aka gyara ta, sannan suka tsinci labarin za a kwance ta a kafafen watsa labarai, ba a tambaye su ba, ba a kai maganar gaban zaɓaɓɓun kansiloli ba. Tsawon turakun jirgin an san shi tun yana zane a takarda, tsawon gadar kuma an san shi tun 1927. Wanda ya zana jirgin da ya fi ƙarfin ƙofa ya riga ya ɗauka cewa ƙofar za ta kauce masa. Da can, jirgin ƙasa mai ɗauke da ɗaruruwan fasinja na jiran jirgin ruwan dakon kaya, na ruwan ma na jiran lokacinsa, bisa jadawalin da ya hau kan kowa. Abin da aka nema a 2022 keɓantacciyar alfarma ce ga wanda ke iya biya. Ya zamana ma akwai wata hanyar, tunda ga shi an bi ta.

Inda nake ganin masu son gadar ba su ƙarasa aikinsu ba shi ne nan: sun yi nasara sau biyu wajen cewa kada a taɓa, amma har yanzu gadar ba ta da abin yi. Na san ba abu ne mai sauƙi ba. Gadojin da ke kaiwa gare ta sun tafi, tana tsaye sama da titi, sai an gina matakala ko lif kafin mutum ya hau. Gefenta kuma ga gadar Koninginnebrug ta 1929 tana tsallakar da motoci da masu keke, ga kuma Erasmusbrug ta 1996 can gaba kaɗan, saboda haka ba wanda ke buƙatar De Hef domin ya kai gida. Amma ba sai an mayar da ita babbar hanya ba. A riƙa sauke ta ana ɗagawa a wasu ranaku sanannu na shekara, a bar 'yan makaranta da ɗaliban injiniya su hau su ga wili da igiya da kankare suna aiki kamar yadda Ivens ya gan su, a horar da matasa biyu ko uku su iya tuƙa ta da kula da injinta. Injin da ake motsawa ba ya daskarewa, kuma yaron da ya taɓa tsayawa a kanta tana hawa da shi zai kare ta idan ya girma fiye da wanda a hoto kawai ya san ta. Mutanen da suka taɓa tsallaka ta a jirgin ƙasa duk sun haura shekara talatin yanzu, kuma kullum raguwa suke yi.

Abu na biyu da ya rage shi ne a rubuta ƙa'ida. Alkawarin da aka ce an yi bayan 2017 a baki ya tsaya, shi ya sa da gardama ta tashi kowa ya faɗi nasa. Ma'aikatun ƙera jirage na nan a sama da kogin, jiragen alfarma kuma ƙara tsawo suke yi, saboda haka wata buƙatar za ta sake zuwa. Ya kamata majalisar birnin ta zauna tun kafin ranar, ta fayyace a rubuce a wane hali ake iya sauke tsakiyar gadar, wa zai sa hannu, wa zai biya idan aka yi ɓarna, kuma a sanar da kowane kamfani wannan tun kafin ya fara zana jirginsa. A cikin takardar kuma a ware kuɗin fenti da binciken mahaɗai na kowace shekara, domin fentin 2017 ma yana da wa'adinsa.